Ɗakin Bautar Kamakhya a Bakin Kogin Brahmaputra

Gabatarwa

Yawancin mutanen ƙasar Hausa da suka san wani abu game da ɗakunan bautar mabiya addinin Hindu, ta hanyar finafinan Indiya suka san shi. Abin da suka saba gani shi ne babban zaure mai ginshiƙai, da ƙararrawa a rataye a bakin ƙofa, da gunki mai hannuwa da yawa a can ƙurya an yi masa ado da furanni. Wannan siffa gaskiya ce a ɗakunan bauta masu yawa, amma ba ta game duka ba. A jihar Asam, can arewa maso gabashin Indiya, akwai wani ɗaki da ake lissafa shi cikin mafiya daraja a wurin masu bautar allahiya, alhali kuwa wanda ya sauka cikin ƙuryarsa ba zai tarar da gunki ba. Abin da zai tarar shi ne dutse mai tsaga, da ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashinsa. Sunan wannan ɗaki Kamakhya, kuma shi ne sunan allahiyar da ake bauta wa a cikinsa.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda wannan wuri ya sami matsayinsa. Za a nuna cewa dutsen da idon ruwan sun girmi duk labaran da ake bayarwa a kansu, kuma al'ummomi dabam-dabam ne suka yi ta zuwa, kowace ta ɗora nata gini da nata bayani a kansu: mutanen kan duwatsu, da malaman littattafan Sanskirit, da sarakuna, da hukumomin zamani. Ba hukunci aka zo yankewa a kan aƙidar mutanen ba. Bayani ne na abin da suka yi imani da shi, da abin da tarihi ya tabbatar.

Wurin da Kogin

Ɗakin yana kan wani dutse da ake kira Nilachal, watau Shuɗin Dutse, a yammacin birnin Guwahati, a gaɓar kudu ta kogin Brahmaputra. Wannan kogi yana cikin manyan kogunan duniya. Ya taso ne daga tsaunukan Tibet, inda ake kiransa Tsangpo, ya miƙa gabas ta bayan tsaunukan Himalaya, sa'an nan ya karyo kudu ya shigo Indiya, ya ratsa kwarin Asam yana fuskantar yamma, ya faɗa Bangaladash, inda ruwansa ke haɗuwa da na kogin Ganga kafin su zuba a teku. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 2,900.

A wurare da yawa cikin Asam kogin yakan bazu ya wuce faɗin kilomita goma, ya rarrabu tsakanin tsibiran yashi, ya riƙa sauya hanya daga damina zuwa damina. Amma a Guwahati duwatsu sun matse shi ta gefe biyu, har faɗinsa ya koma kilomita ɗaya da 'yan kai. Wannan matsi shi ne ya sa wurin ya zama mashigi, ya zama kasuwa, ya kuma zama ƙofar da duk mai son mallakar kwarin Asam sai ya riƙe ta. A nan ne, a wurin da ake kira Saraighat, rundunar sarakunan Ahom a ƙarƙashin jagorancin Lachit Borphukan ta karya rundunar daular Mugal a yaƙin jiragen ruwa cikin shekarar 1671. A nan ne kuma aka kammala gadar farko da ta haye kogin cikin 1962. Saboda haka dutsen Nilachal ba a lungu yake ba. Wanda ya tsaya a kansa yana hangen hanyar da fatake da mayaƙa suka yi ƙarnoni suna bi.

Kogin kansa abin girmamawa ne a wurin mabiya Hindu. Ma'anar sunansa ita ce Ɗan Brahma, kuma wannan ya bambanta shi da yawancin manyan kogunan Indiya, kamar Ganga da Yamuna, waɗanda ake ɗaukarsu mata. Yana da wani tsohon suna, Lauhitya, wanda ke nufin ja. A ranar da ake kira Ashokastami, wadda ke faɗowa tsakanin watan Maris da Afrilu, jama'a sukan yi dafifi a gaɓarsa su yi wanka don neman tsarki daga zunubi. A tsakiyarsa kuma, daura da birnin, akwai ɗan tsibiri mai ɗakin bautar Shiva da ake kira Umananda, wanda aka gina cikin 1694, ana zuwa da jirgin fito. Masu ziyara da yawa sukan haɗa wuraren biyu, su gaida allahiya a kan dutse, su gaida mijinta a tsakiyar ruwa.

Abin da ke Cikin Ƙurya

Ginin yana da ɗakuna huɗu a jere daga yamma zuwa gabas. Akwai babban zaure, da ɗaki na tsakiya, da wani ɗaki inda aka ajiye ƙaramin gunkin allahiyar wanda ake iya ɗauka a fita da shi lokacin bukukuwa, sa'an nan ƙurya. Ita ƙuryar, wadda ake kira garbhagriha, watau ɗakin ciki ko mahaifa, kogo ce da ke ƙasa da daɓen sauran ginin. Ana sauka cikinta ta wata ƙunƙuntar matakala ta dutse, cikin duhu, sai hasken fitilun mai. A ƙasan akwai shimfiɗaɗɗen dutse da ya gangaro daga gefe biyu ya haɗu a wata tsaga mai zurfin kamar taƙi guda. Idon ruwa da ba ya ƙafewa yana cika tsagar kullum. An lulluɓe dutsen da jan ƙyalle da jajayen furanni. Mai ziyara yakan durƙusa, ya taɓa dutsen, ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya kurɓa ko ya shafa a ka, ya tashi ya ba na bayansa wuri.

Masu bautar suna kiran wannan tsaga yoni, kalmar Sanskirit da ke nufin al'aurar mace, da mahaifa, da kuma tushen da abu ke fitowa daga gare shi. A ganinsu wannan ita ce mafitar dukkan halitta. Domin a fahimci haka, sai an san cewa a cikin addinin Hindu akwai rukunoni uku manya: masu fifita Vishnu, da masu fifita Shiva, da masu fifita allahiya. Waɗannan na ƙarshe ana kiransu Shakta, daga kalmar shakti, wadda ke nufin ƙarfi ko iko. A aƙidarsu ƙarfin da ke motsa duniya, ya sa tsiro ya fito, ya sa rai ya shiga jiki, na mace ne, kuma ko manyan alloli maza ba su iya kome in babu shi. Allahiyar tana da sunaye da siffofi masu yawa, kamar Durga da Kali da Parvati, amma a wurinsu duk ita ɗaya ce. Don haka ne aka keɓe wa siffofinta goma da ake kira Mahavidya wurare a kan dutsen Nilachal: uku a cikin babban ɗakin, bakwai kuma kowace da nata ɗaki a kewaye.

Labarin Sati

Bayanin da malaman Hindu ke bayarwa game da wannan dutse yana cikin labarin Sati. Sati 'yar wani babban sarki ce mai suna Daksha, ta auri Shiva ba da son ubanta ba, domin shi Shiva mai gudun duniya ne, yana shafa toka a jiki yana zama a makabarta. Wata rana Daksha ya shirya gagarumar hadaya, ya gayyaci dukkan alloli ban da surukinsa. Sati ta tafi ba gayyata, uban ya ci mutuncin mijinta a gaban taro, baƙin ciki ya sa ta halaka kanta. Shiva ya zo ya wargaza hadayar, ya saɓa gawar matarsa a kafaɗa, ya shiga yawo da ita cikin fushi har duniya ta kusa rushewa. Sai aka yayyanka gawar gunduwa-gunduwa don ya saki, a ruwayar da ta fi yaɗuwa Vishnu ne ya yi haka da makaminsa. Duk inda wata gaɓa ta faɗi, wurin ya zama mazaunin allahiya, watau shakti pitha.

Littattafai sun saɓa a kan yawan waɗannan mazaunai. Wasu sun ce huɗu, wasu 108, amma adadin da ya fi shahara shi ne 51. An ce harshenta ya faɗi a Jwalamukhi da ke gindin Himalaya, yatsun ƙafarta a Kalighat cikin birnin Kolkata, wani sashe na kanta a Hinglaj da ke Balochistan cikin Pakistan ta yau. Al'aurarta kuwa a Nilachal ta faɗi, shi ya sa da yawa ke ɗaukar wannan wuri a kan gaba.

Wannan labari yana da amfanin da ya wuce ba da dalili. Ya ɗauki wuraren bauta da ke warwatse, na ƙabilu masu harsuna dabam-dabam, waɗanda tsakaninsu akwai tafiyar watanni, ya mai da su gaɓoɓin jiki ɗaya. Da zarar an ce dutsen wani ƙauye gaɓa ce ta Sati, to ya shiga taswirar ziyara ta ƙasar Hindu baki ɗaya, kuma mutumin Bengal ko na Nepal yana da dalilin ɗaukar sanda ya nufe shi.

Kafin Zuwan Littattafai

Akwai alamun da ke nuna cewa ana girmama dutsen tun kafin a ɗaura masa labarin Sati. Alama ta farko tana cikin littafin Kalika Purana, wanda aka rubuta da Sanskirit a wannan yanki wajen ƙarni na 10 ko na 11, kuma shi ne babban madogarar masu bautar Kamakhya. Littafin ya ce mazauna ƙasar na farko su ne Kirata, sunan da ake kiran mutanen duwatsu da dazuzzuka da shi, har wani sarki mai suna Naraka ya zo daga yamma ya kore su, ya zaunar da malaman Birahmin, aka kuma umurce shi da ya riƙe bautar Kamakhya. Ke nan littafin da kansa yana tuna lokacin da ƙasar ke hannun wasu mutane, sa'an nan baƙi suka karɓe ta tare da wurin bautarta.

Alama ta biyu ita ce sunan. Malaman Sanskirit suna fassara shi daga kalmar kama, watau sha'awa ko so, kuma suna haɗa shi da Kamarupa, tsohon sunan masarautar yankin. Suna cewa a nan ne Kama, allahn soyayya, ya sake samun siffarsa bayan Shiva ya ƙone shi ya zama toka. Amma wani masanin harshe ɗan Asam, Banikanta Kakati, a littafin da ya wallafa kan wannan allahiya cikin 1948, ya kawo hujjar cewa asalin sunan ba Sanskirit ba ne, daga harsunan mazauna yankin na dā ya fito, daga baya aka gyara shi ya dace da bakin malamai. Ba duk masana suka yarda da kowane ɓangare na hujjarsa ba, amma ra'ayin cewa bautar ta samo tushe daga mutanen ƙasa ya karɓu ƙwarai. Abin lura kuma shi ne ƙabilun Khasi da Garo, waɗanda ke zaune a duwatsun kudu da Guwahati, har yau ta wajen uwa suke bin dangantaka da gado.

Alama ta uku ita ce shirun wani baƙo. Xuanzang, malamin addinin Buddha daga ƙasar Sin, ya ziyarci Kamarupa wajen shekarar 643 bisa gayyatar sarki Bhaskaravarman. Ya rubuta cewa mutanen ƙasar suna da ɗakunan bauta masu yawa, amma bai ambaci Kamakhya ba. Wasu masana suna ganin wannan yana nuna cewa a lokacin bautar ba ta shiga fada ba tukuna, tana hannun talakawa. Sai a ƙarnonin da suka biyo baya ne aka yi ginin dutse sassaƙaƙƙe a wurin, wanda gindinsa yana nan har yau a ƙarƙashin ginin da ake gani.

Sarakuna da Allahiya

Tsohon ginin dutsen ya rushe. Labarin baka yana ɗora laifin a kan wani sarkin yaƙi na Bengal mai laƙabi Kalapahar, amma lissafin shekaru bai goyi bayan haka sosai ba, kuma masana tarihi da yawa sun fi danganta rushewar da harin da Sultan Alauddin Husain Shah ya kai wa masarautar Kamata cikin 1498. Ko ma wane ne, sake ginawar ita ce ta fi muhimmanci ga wannan bayani.

A farkon ƙarni na 16 wani shugaban ƙabilar Koch mai suna Viswa Singha ya kafa sabuwar masarauta a yammacin Asam. Shi ba daga zuriyar sarakunan Hindu ya fito ba, saboda haka yana bukatar abin da zai tabbatar da sarautarsa a idon malamai da talakawa gaba ɗaya. Ya farfaɗo da bauta a kangon Nilachal. Ɗansa Naranarayan, tare da ƙanensa kuma sarkin yaƙinsa Chilarai, su suka kammala sabon gini cikin 1565, kamar yadda rubutun da aka sassaƙa a jikin dutse cikin ɗakin ya nuna. Ana ba da labari cewa magina sun yi ta ƙoƙarin mai da hasumiyar dutse irin ta dā tana faɗuwa, har wani magini mai suna Meghamukdam ya koma ga gasasshen tubali, ya ɗora ƙubba mai kama da kifaffiyar ƙwarya a kan tsohon gindin. Wannan ƙubba ta yi kama da irin waɗanda maginan Musulmi ke yi a Bengal a wancan zamani. Haɗin tsohon gindi da sabuwar ƙubba ya zama salon gini mai zaman kansa, wanda aka yi ta kwaikwayo a Asam, ana kiransa da sunan dutsen Nilachal.

Abin mamaki shi ne waɗannan sarakuna biyu da suka gina wa allahiya ɗaki, su ne kuma suka ba da mafaka ga Sankardev, babban mai wa'azin Asam wanda ya rasu cikin 1568. Shi Sankardev yana kira ne ga bautar Vishnu shi kaɗai ta hanyar waƙa da ambaton suna, yana kuma ƙin yanka dabbobi don hadaya. Tun daga lokacin addinin Hindu a Asam ya kasance da reshe biyu masu ƙarfi, na allahiya mai karɓar jini, da na masu waƙa da ba su yanka. Sarki mai hikima yakan riƙe su duka biyun.

Bayan Koch sai Ahom. Su mutane ne masu harshen Tai da suka shigo kwarin daga gabas cikin 1228, da addininsu na gargajiya. Sun tabbatar da ikonsu a kan Guwahati bayan sun fitar da Mugal cikin 1682. Sarki Rudra Singha ya aika Bengal aka zo masa da wani babban malamin Shakta mai suna Krishnaram Bhattacharya, ɗansa Siva Singha, wanda ya yi mulki daga 1714 zuwa 1744, ya zama almajirin wannan malami, ya kuma danƙa masa kula da Kamakhya. Sarakunan Ahom sun ba ɗakin gonaki da ma'aikata, sun ƙara gine-gine, har da babban zauren da ke yamma, wanda aka yi a zamanin Rajeswar Singha.

A nan ne kuma aka ga haɗarin da ke cikin kusantar fada da ɗakin bauta. Littattafan tarihin Ahom, waɗanda ake kira buranji, sun ruwaito cewa Phuleswari, matar Siva Singha, wadda aka miƙa wa ragamar mulki, ta tilasta wa wasu shugabannin mabiya Vishnu halartar bikin allahiya, ta sa aka shafa musu jinin hadaya a goshi. Wannan wulaƙanci yana cikin abubuwan da ake ambata a matsayin tushen tawayen Moamoria, wanda ya ɓarke cikin 1769 ya ci gaba har farkon ƙarni na 19. Tawayen ya raunana daular, sojojin Bama suka shigo, daga bisani Ingilishi suka karɓi ƙasar da yarjejeniyar Yandabo ta 1826. Ba wannan kaɗai ya kawo faɗuwar Ahom ba, akwai nauyin aikin tilas da rigingimun gadon sarauta, amma ya isa ya nuna abin da kan faru idan mai mulki ya mai da ibadarsa bulala.

Kwana Uku da Ƙofa ke Rufe

Babban bikin Kamakhya shi ne Ambubachi, wanda ake yi wajen 22 zuwa 26 ga watan Yuni, daidai lokacin da damina ta kankama, kogin Brahmaputra ya cika ya yi jajawur da laka. Masu bautar sun yi imani cewa a waɗannan kwanaki allahiya tana yin haila ta shekara. Saboda haka ake rufe ƙofar ɗakin har kwana uku, kamar yadda al'adar mutanen ta tanadi mace ta keɓe ta huta a irin wannan lokaci. Ba a shiga, ba a yin hidimar yau da kullum. Kafin a rufe akan shimfiɗa ƙyalle a kan dutsen. A rana ta huɗu a yi wa allahiya wanka, a buɗe ƙofa, jama'a su yi jerin gwano. Abin da kowa ke fatan samu shi ne ɗan yanki na jan ƙyallen nan, wanda ake ɗaurawa a dantse ko a ajiye a gida don neman haihuwa, ko lafiya, ko kariya. Masu bauta suna cewa jinin allahiya ne ya rina shi. Masu neman dalili na zahiri sukan ambaci jar ƙasar yankin mai sinadarin ƙarfe, da jan garin sindur da ake barbaɗawa a wurin.

Muhimmin abu shi ne hutun bai tsaya a kan dutsen ba. A ƙauyukan Asam da Bengal, manoma masu kiyaye al'ada ba su huɗa, ba su haƙa, ba su shuka a cikin waɗannan kwanaki, domin ƙasa ita ma tana cikin halin da allahiya take. Ana rufe ɗakunan bauta na gida, wasu mutane, musamman matan da mazansu suka rasu, sukan bar dafaffen abinci su zauna a kan 'ya'yan itace da madara. A jihar Odisha ma akwai biki mai irin wannan ma'ana da ake kira Raja, a tsakiyar watan Yuni. Tunanin a bayyane yake: kamar yadda haila ke nuna mace za ta iya ɗaukar ciki, haka ruwan farkon damina ke nuna ƙasa ta shirya karɓar iri. Bayan an buɗe ƙofa sai a shiga dashen shinkafa gadan-gadan. Wannan shi ne mafi ƙarfin shaida cewa a ƙarƙashin dukkan bayanan littattafai akwai tsohuwar bautar manoma, wadda ta ɗauki ƙasa uwa ce.

A lokacin bikin dubban ɗaruruwan mutane sukan hau dutsen. A cikinsu akwai masu gudun duniya da ake kira sadhu, masu jajayen tufafi ko baƙaƙe, da dogon gashi a cukurkuɗe, waɗanda wasunsu ba a ganinsu a bainar jama'a sai a irin wannan taro. Da yawansu mabiya tafarkin Tantra ne, watau hanyar ibada ta asiri da ake karɓa daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, mai amfani da kalmomin da ake maimaitawa, da zane-zane, da horon jiki. Wani reshe nata yana amfani da abubuwan da sauran mabiya Hindu ke ƙyama, kamar nama da giya, bisa hujjar cewa babu abin da ke wajen ikon allahiya. Wannan ne ya jawo wa Kamarupa sunan ƙasar sihiri a sauran sassan Indiya, har ana tatsuniyar cewa matan can suna mai da baƙo rago su ɗaure shi. Turawa ma ta wannan fuska suka fara sanin wurin, domin babin Kalika Purana da ke bayanin hadayar jini, har da ta mutum, an fassara shi zuwa Ingilishi tun ƙarshen ƙarni na 18. Amma mafi yawan masu hawa dutsen talakawa ne masu bukatun da kowane ɗan Adam ya sani: mace mai neman haihuwa, uba mai ɗa marar lafiya, ɗalibi mai fuskantar jarrabawa, sababbin ma'aurata.

Matsalolin Zamani

Abubuwa uku ne ake muhawara a kansu game da Kamakhya a wannan zamani. Na farko shi ne yanka. Har yanzu ana yanka bunsuru da tantabaru, wani lokaci da ɓauna, a wata rumfa kusa da ɗakin. Masu kare haƙƙin dabbobi, da mabiya Hindu da yawa waɗanda ba su cin nama, suna neman a daina, masu hidimar ɗakin kuwa suna cewa hadaya ginshiƙi ce ta bautar Shakta. Wasu maziyarta sukan ɗauki hanyar tsakiya, su shafa wa dabbar jan gari su sake ta da rai.

Na biyu shi ne matsayin mata. A ɗakin da ake yi wa hailar allahiya biki, al'ada ba ta yarda mace mai haila ta shiga ba, kuma manyan masu hidima maza ne. 'Yan Indiya da kansu suna nuna wannan saɓani, musamman tun bayan hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cikin 2018 game da shigar mata ɗakin bautar Sabarimala a jihar Kerala. Masu kare al'adar suna cewa hutu ne aka ba mace kamar yadda aka ba allahiya; masu suka suna cewa hutun da ba a zaɓa ba hani ne.

Na uku shi ne wane ne ke da iko da wurin. Wasu gidajen malamai da ake kira Bordeuri su ne suka gaji hidimar ɗakin, daga cikinsu ake zaɓen shugaba mai laƙabi Doloi. An daɗe ana shari'a tsakaninsu da wata hukumar gudanarwa, har Kotun Ƙoli ta mayar musu da ragamar cikin 2015. Gwamnatin jiha kuwa ita ke ɗauke da nauyin hanya, da tsaro, da ruwan sha, da sansanonin kwana a lokacin biki, tana kuma kallon taron a matsayin hanyar jawo baƙi da kuɗin shiga. Jirgin ƙasa da mota da jirgin sama sun mai da tafiyar watanni ta kwana ɗaya ko biyu, amma ƙuryar ba ta ƙara faɗi ba, mutum kaɗan take ɗauka a lokaci guda. A shekarun 2020 da 2021 annobar korona ta sa aka hana taron, masu hidima kaɗai suka rufe ƙofa suka buɗe ta a kan lokacinta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tarihin Kamakhya hawa-hawa ne. A ƙasa akwai dutse da idon ruwa, da manoman da suka ga alamar haihuwa a cikinsu. A kansu malaman Sanskirit suka ɗora labarin Sati, wanda ya haɗa wurin da sauran ƙasar Hindu. Sa'an nan sarakunan Koch da na Ahom, waɗanda asalinsu ba daga cikin wannan addini yake ba, suka gina ɗaki suka ba da gonaki, suka sami karɓuwa a madadin haka, wani lokaci kuma suka wuce gona da iri suka girbi fitina. A yau kotu da gwamnati da 'yan kasuwa sun shigo. Babu hawan da ya share na ƙarƙashinsa, kuma wannan hali ne da mai nazarin addinin Hindu zai yi ta cin karo da shi a wurare da yawa: ya fi son ya haɗiye tsohuwar bauta ya ba ta sabon suna, da ya kawar da ita. Wanda duk ke son fahimtar irin wannan wuri, ya kamata ya karanta littattafan malamansa, ya duba tarihin sarakunansa, sa'an nan ya tambayi manomin da ke gindin dutsen dalilin da ya sa ya jingine garmarsa kwana uku a tsakiyar damina.